Allin da Muka Daka a Turmi

Mijina, Allah ya jiƙansa, malamin aji shida ne a wata firamare da ke gefen garin Illela. Malam nake ce masa, kamar yadda kowa ke ce masa. Ni karatuna bai wuce firamare ba, don haka abin da na gani kawai zan faɗa, da abin da likita ya gaya mana daga baya.

A shekarun da aka rufe iyaka, alli ya yi wuya. Wanda ake aikowa makaranta ya daina zuwa, wanda 'yan kasuwa ke shigowa da shi daga Konni ta Nijar shi ma ya ɗauke. Hedimasta yana raba wa malamai guntaye, Malam yakan dawo gida da nasa a aljihu don kada ya ɓata. Yara suka fara raguwa. Uba zai buɗe littafin ɗansa ya ga babu sabon rubutu, sai ya ce gara yaron ya bi yayyensa ta daji ya ɗauko kaya a ka. Yaran ajin Malam kuwa su ne masu jarrabawar shiga sakandare a wannan shekara. Yakan zauna gaban tuwo har ya huce, yana lissafa mini waɗanda ba su zo ba.

Da farkon damina iska ta yaye kwanon wani aji, ruwa ya jiƙa silin, ya farfashe ya zubo. Aka tara gutsattsarin a bayan ofis. Wata rana Malam ya ga 'yan mata suna zana layin 'yar gala-gala da su a simintin baranda, zanen ya fito fari tas. Ya gwada a allo, sai ya ga yana karce fentin. Da yamma ya shigo gida da buhu a bayan keke.

“Ina tsohon turmin nan da ya tsage?” in ji shi.

Na ce, “Mi za ka yi da shi? Ko ka bar koyarwa ka koma sai da hura?”

“Ke dai ɗauko. Daga yau kin zama ma'aikaciyar gwamnati.”

“Gwamnatin ta san da ni?”

“Ni ma ba ta san da ni ba,” ya ce, yana kwance buhun.

Haka muka fara. Shi yake farfasa silin da guduma, ni in daka, in tankaɗe da tsohuwar rariya. Sai mu haɗa garin da farar ƙasa da ruwan ƙaro, mu murza shi dogo-dogo kamar ƙuli-ƙuli, mu shanya a faifai. Na farko ya ruɓushe a hannunsa. Na biyu ya yi tauri ya ƙi rubutu. Sai da muka yi ta gwadawa kafin ya samu yadda yake so. A cikin rariya wani abu yakan rage, siriri mai laushi kamar gashin jariri. Nakan kakkaɓe shi a gindin katanga.

Inna, mahaifiyarsa, tana zaune tare da mu a lokacin. Ba ta son wannan aiki, domin garin yana tashi ya sauka a kan randa da murafan tukwane.

“Ɗiyata, yayyaha mishi ruwa kamin ki daka, kamar surhe,” ta ce mini. “Gidan ga duk ya koma hwari.”

Malam ya ce, “Inna, in ya jiƙe ba ya tankaɗuwa.”

“To ku tahi bayan gida da shi. Boko dai bai bar ku kun huta ba, mu ma ba za ya bar mu ba.”

Muka koma bayan gida, kusa da garken awaki. Ni nakan naɗe kaina da fuskata da tsohon mayafi, ba don tsoron komai ba, sai don kada kitsona ya ɓaci. Shi ba ya rufe komai. Yana sunkuye a kan rariya yana duba laushin garin da yatsa, gemunsa ya yi fari. Nakan ce masa ya tsufa tun kafin lokaci, shi kuma ya ce ai gara in saba tun yanzu.

Allin ya yi aiki. Ba shi da haske kamar na kanti, yana saurin karyewa, kuma yana zubar da gari sosai, amma ana karanta shi daga bencin baya. Allo ya sake cika, littattafan yara suka cika. Malam ya bi gida gida da yamma yana nuna wa iyaye, wasu suka mayar da 'ya'yansu. Sauran malamai suka roƙa, muka riƙa yi da yawa. A ajinsa akwai wata al'ada: wanda ya fi kowa cin lissafi a ranar shi zai goge allo, ya fita ya kakkaɓe tsumman a bakin taga. Yara suna rububin wannan aiki. Masu ƙoƙari kuma su yake zaunarwa a bencin gaba, dab da allo.

Da sakamako ya fito, da yawansu sun samu shiga sakandare. Ban taɓa ganin Malam cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya sayo tsire, ya ce rabin na injiniyar gida ne. Bayan an buɗe iyaka alli ya dawo, muka daina. Turmin ma aka faskara shi aka yi girki.

Shekaru masu yawa suka wuce. Inna ta rasu, 'ya'yanmu suka yi aure, Malam ya yi ritaya. Sai numfashi ya fara yi masa wuya. Tsakanin gida da masallaci sai ya tsaya ya dafa bango. An ba shi maganin tarin fuka na wata da watanni, bai ji sauƙi ba. Babban ɗanmu ya kai mu asibiti a Sakkwato, aka ɗauki hoton ƙirji, aka zuƙe masa ruwa ta haƙarƙari.

Likitan ya tambaye shi aikin da ya yi a rayuwa. Ko ya taɓa gini? Ko ya taɓa aikin rufi ko yankan silin?

Malam ya yi murmushi ya ce, “Ni ban san komi ba sai alli.”

Ina zaune a gefe. Na ce, “Malam, allin namu hwa?”

Likita ya juyo ya ce, “Hajiya, wane alli?”

Na ba shi labari tun daga buhu har zuwa faifai. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce irin wancan silin na da, da yawansa akwai wani abu a ciki mai suna asbestos. In yana lafe a sama ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. In aka fasa ko aka niƙa, siraran zarensa suna shiga huhu su zauna, ba sa fita, kuma ciwon ba ya bayyana sai bayan shekaru da yawa. Ya ce ba zai rantse cewa shi ne ba, amma abin da ya gani a hoton ya yi kama da haka. Ya ce ni ma a ɗauki hotona.

Malam bai tambayi ko zai warke ba. Ya ce, “Likita, yaran hwa?”

Likita ya ce ba duk wanda ya shaƙa ne yake kamuwa ba. Amma ya kamata su sani, su guji taba, kuma duk wanda ya ji tari ya ƙi ƙarewa ko numfashi ya yi masa nauyi, ya je asibiti ya faɗi abin da ya taɓa shaƙa.

A mota, a hanyar dawowa, na ga yana motsa baki, na ɗauka tasbihi yake yi. Ashe sunayen 'yan bencin gaba yake jerawa. Da muka iso gida ya aika ɗanmu wurin hedimastan yanzu, kada a bar kowa ya fasa ko ya share ragowar tsohon silin a bushe. Yaran kuwa ya ce shi zai gaya musu da bakinsa in ya ɗan samu ƙarfi. Ƙarfin bai zo ba. A kwanakinsa na ƙarshe magana biyu ma sai ya huta a tsakani. Ya ce mini, “Ke za ki hwaɗa musu.”

A zaman makoki tsofaffin ɗalibansa suka zo da yawa. Mazan suka tsaya a zaure, matan suka shigo ɗakina. Wata a cikinsu, mai jikoki yanzu, ta zauna kusa da ni tana share hawaye tana dariya.

“Hajiya, kin tuna allinku? Ni na hi kowa goge allo. Har hancina sai ya yi hwari, in na koma gida a ce ko niƙa na je.”

Da sauran suka tashi na riƙe gefen mayafinta, na gaya mata abin da likita ya ce, yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, “Malam bai sani ba. Ke ma ba ki sani ba.” Ta ce za ta sanar da waɗanda take da labarinsu.

Bayan na fita takaba muka zauna da ita muna tuna sunaye. Wasu suna nan cikin gari suna canjin kuɗi, an gaya musu. Wasu suna Nijar, wasu kudu. Biyu sun riga sun rasu, kuma da na tambayi danginsu ciwon da suka yi, sai suka ce ajali ne. Akwai waɗanda har yau ban samu wanda ya san inda suke ba. Duk ranar kasuwa nakan sa jikana ya tambaya.