Tawul ɗin da Ba a Jefa Ba

A tashar jirgin ƙasa ta Limerick, wani siririn dattijo mai farin tawul a kafaɗa yana tura wani ƙato a keken guragu. Hancin ƙaton a baje yake, hannuwansa sai rawa suke. Da ganin kamanninsu, wa ne da ƙane.

"Zakaran damben duniya!" in ji mai duba tikiti. "Fintan, yaya damtse?"

Ƙaton bai ɗago ba. Dattijon ya sunkuya yana goge masa miyau, sai tawul ɗin ya suɓuce.

"Malachy, tawul ɗinka ya faɗi," in ji mai duba tikitin.

Dattijon ya daɗe yana kallonsa a ƙasa.

"Sai yanzu," ya ce. "Da na jefa shi a turmi na tara aka tsayar da damben, da yau ƙanena da ƙafarsa zai hau jirgin nan."