Darasin Japan da Kawu Haruna Ya Kawo Karantina

Ina cikin mota a unguwar Abhur ta Jidda, ina jiran 'ya'yan maigidana su taso daga makaranta, sai wayar Inna Safiya ta shigo. Matar kawuna ce, kuma ba ta saba kirana a lokacin aiki ba. Ta ce, "Sani, kawunka halas, Allah Ya yi masa rasuwa. Bayan la'asar za a sallace shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kifa kaina a kan sitiyari.

Kawu Haruna yayan mahaifiyata ne. A Karantina, unguwarmu a nan Jidda, aka haife shi, jikan alhazan da suka zo da ƙafa daga ƙasar Hausa ba su koma ba. Yana saurayi ya samu aikin tafinta a wani kamfanin kayan gyaran mota, inda ya zauna da Japanawa har ya iya harshensu. Da wani ne, da ya tsaya nan, ya ci abincinsa. Shi kuwa sai ya faɗa karatun tarihinsu: yadda suka buɗe ƙasarsu ga duniya, yadda sojoji suka ƙwace siyasarsu, yadda yaƙi ya mayar da biranensu toka. Bai taɓa taka Japan ba, takardunsa ba su ba shi dama ba. Yaran unguwa suna tsokanarsa da Malam Tokiyo, yana amsawa har da rusunawa.

Ranar Juma'a bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a kawo shayi, ya yi ta ba mu labari, Hausa na tsere da Larabci a bakinsa. Ni dai, gaskiya, shayin ke kai ni. Amma abin da ya fi nanatawa ya zauna mini. Ya ce bayan yaƙi maƙwabta ne suka tallafi juna: kowace unguwa da ƙungiyarta, saƙo yana bin gida gida, ba a tsallake ƙofar kowa. Yakan ce, "Gini ba ya mutuwa, ya waladi, maƙwabtaka ce ke mutuwa."

Da hukuma ta fara shafa jan fenti a bangayenmu, alamar a tashi za a rushe, kowa ya rikice ban da shi. Ya ce ranar karatunsa ce ta zo. Da sandarsa da ciwon gwiwarsa ya bi unguwar ƙofa ƙofa, yana roƙon mutane kada su watse, a nemi wuri guda a koma tare. Ya tara dattawa, aka naɗa shugaba, aka raba aiki. Na ga tsofaffin mata suna sa masa albarka suna kuka.

Ba a kai ko'ina ba. Wannan kafilinsa, maigidan da ya tsaya masa a takardun zama, ya ce ya koma kusa da shagonsa. Wancan iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu, babu mai ba shi haya. Wasu aka kama su aka mayar da su ƙasar da ba su taɓa gani ba. Kowa ya ɗora katifarsa a mota ya bi inda ya samu rufi. Kawu da Inna suka ƙare a ɗaki biyu a unguwar Bani Malik, bene na sama, inda maƙwabcinsa bai san sunansa ba.

Daga nan ya daina karatu. Na kai masa ziyara, na tarar littattafan suna cikin kwalayen da aka kwaso su. Na ce, "Kawu, yalla mu buɗe su, ko ka samu na ɗebe kewa."

Ya ce, "Babin da ba namu ba na karanta muku, Sani. Waɗancan da gidajensu suka ƙone, ƙasar da ke ƙarƙashi tasu ce, a kanta suka sake gini. Akwai Koriyawa da aka haifa a can, kakanni aka kawo, jikoki suna yawo da takardar baƙo. Na san tarihinsu sarai, wallahi na sani. Raina ne bai so ya ga kansa a ciki ba."

Ban taɓa jin ya yi wa ƙaddara tsiwa ba, amma daga ranar na san zuciyarsa ta karye, tawa ma ta bi ta. Har yau ban ga ta inda za mu sake haɗuwa ba.

Mun yi zaman makoki yadda ake yi a Jidda, tsakanin magariba da isha. Na jera kujeru a ƙofar bene, na cika tulunan gahawa, don mutumin da ya san kowane gida a Karantina. Waɗanda suka zo ba su cika sahun gaba ba. Ranar ƙarshe Inna Safiya ta kira ni bakin ƙofa, ta tambaye ni a hankali, "Ya Sani, mutanen unguwa sun iso, ko suna hanya?" Na ce mata su ke nan, Inna. Ta gyaɗa kai, ta ce in kwashe kujerun.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Haruna, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa. Ka ba Inna Safiya haƙuri da mai leƙa ta. Ka saukar da shi a gidan da ba a cewa kowa ya tashi. Amin.