Jeton Ubana da Littafin Mumuni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Rajab, ina gyaran jinkar rumbu a Gidan Sori, wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ya ce mani Malam Mumuni Cindo na Gidan Rumji ya riga mu gidan gaskiya. Har aka kai ka makwanci, Mumuni, ba wanda ya tuna ya aiko mani. Malam Lurwanu kuwa, mushen lakol, wato malamin makarantar boko, tun daga Cadawa ya samu jana'iza. Na dai gani.

Tare muka yi kiwon awaki da kai. Kai aka kama aka kai lakol, ni ubana ya ɓoye ni cikin rumbu. Tun daga nan komai kai ne gaba. Sai dai ban taɓa zuwa ƙofarka na komo hannu sake ba. Shekarar da fari ya cinye gero, amalankenka ya sauke mani dame tun ban buɗe baki ba. Ranar da uwar ɗiyana ta faɗi, kai ka ɗauke ta zuwa likita a Maradi, ka zauna a baranda har aka sallame mu. Allah ya sa ka iske su a mizani.

Mutane sun san ka da tara jeto, ƴan ƙarafunan nan masu kama da kuɗi da ba kuɗi ba ne: na tarho, na ɗiban ruwan famfo, da wanda ake ba ɗan dako in ya kai buhu. Na daɗe ina yi maka dariya, ƙaton mutum da gwangwanin tarkace. Sai da na buɗe akwatin marigayi ubana na iske wani na jan ƙarfe ƙulle cikin tsumma. Ubana ya yi dakon gyaɗa shekara da shekaru, bai taɓa gaya mana ko a ina ba, ko wa ya yi wa. Na ce wanga ƙarfe shi zai gaya mani. Daga ranar ni ma na shiga tarawa, da furfurata.

Da na ga ya yi baƙi, sai na yi mashi abin da ake yi wa farantin tagulla. Na sa toka da lemun tsami da rairayi, na dirje shi har ya ɗauki ido, sannan na kawo maka. Ka juya shi, ka dube ni, ka ce, "Dogo, wa ya aike ka? Ka kankare rubutun!" Na ce, "Kai da ka sani, don me ba ka gaya mani ba tun farko?" Har yau a nan nake tsaye. Sabon shiga ba ya sanin abin da ba a gaya mashi ba.

Duk da haka ka koyar da ni, ba zan ci haƙƙinka ba. Kai ka hana ni yarda da bakin ƴan gwangwan, masu ce wa kowane ƙarfe na zamanin Nasara. Ka ce in nemi tsofaffin da suka riƙe abin da hannunsu, in ji daga bakin biyu kafin in yarda. Kuma akwai littafin nan naka na Faransanci mai hotunan jeto. Ni sai dai ka buɗa mani daga nesa, hannunka na kan shafi. Na ce ka ara mani, ka ce, "Me za ka karanta ciki?" Hoto ai ba ya son lakol, Mumuni! Lurwanu da ya zo jiya-jiya, shi ka bari ya tafi da shi Cadawa, ka sa shi cikin zauren masu tara jeto na salula, kuna Faransanci bisa kaina ina zaune. Kullum na tambayi na ubana sai ka ce kana nema. Na ɗauka kora ce.

Ranar sadakar uku na je gaisuwa. Hajiya A'isha, mai ɗakinka, ta kira ni bakin zaure, ta miƙo mani wani jeto baƙi ƙirin. Ta kira ni da sunan ɗiyata, ta ce, "Baban Hassana, a hannun wani tsohon ɗan dako marigayi ya samo shi a Gazawa, ana gobe zai kwanta ciwo. Ya ce ɗan'uwan jeton babanka ne. Ya ce kuma in roƙe ka kada ka wanke."

Na haɗa su. Girma ɗaya, huda ɗaya, gefe ɗaya. Naka rubutunsa raɗau, ni kuma ban iya karanta shi. Mai gane inda ya fito yanzu sai mai littafi, littafi kuwa an ce ka bar wa Lurwanu. To, Malam Lurwanu, in wanga rubutu ya iske ka, ni ne babba, kai za ka zo Gidan Sori da shi. In kuma ba ka zo ba har ranar kasuwa, zan hau mota.

Ya Allah Ka gafarta wa Mumuni, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna makoma. Hajiya A'isha, da Sufyanu da sauran ɗiya, Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa. Ni ma na yafe maka, Mumuni, har da maganar littafin.

Ban wanke shi ba. Yana nan kusa da na ubana, baƙi da shi, kuma ya fi nawa kyau. Ko a nan ma kai ne gaba.

Balarabe Dogo, Gidan Sori