Kaskona a bakin taga

Ɗakin da na kama a Sanyuanli, unguwar da muke sauka idan mun zo saro kaya a ƙasar waje, saboda tagarsa na kama shi. Babbar taga ce mai kallon yamma, gilashi biyu, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki, da 'yar iska a kulle tsakaninsu. Idan na rufe ta, hayaniyar titi sai ta koma kamar hirar maƙwabta. A gindinta nake duba kalar leshi da shadda kafin in yarda a ɗaure mini kaya, don fitilar kanti maƙaryaciya ce.

Ni kuwa ba na kwana a ɗakin da bai ji turaren wuta ba. Haka na tashi a Kano, kuma jirgi bai canza ni ba. Sai dai a silin akwai wata 'yar na'ura mai kurma ihu da ta shaƙi hayaƙi. Don haka na mayar da kaskona kan dakalin taga, jingine da gilashi, in ɗan buɗe gefe. Kullum bayan magariba, shekara da shekaru.

Akwai lokacin da garin nan ke yin gumi, dab da baje kolin Pazhou na farkon shekara. Bango ya jiƙe, tayil ya yi santsi, wanki ya ƙi bushewa. A irin lokacin na ga wani fari-fari a kusurwar taga ta ƙasa. Na goge ta ciki, yana nan. Na miƙa hannu na goge ta waje, yana nan. Na sa omo, na sa lemon tsami. Ashe abin yana tsakanin gilasan ne, inda tsumma ba ya kaiwa, kuma kullum hawa yake.

Mai gidan wata 'yar tsohuwa ce, muna ce mata lawban, wato mai gida da yarensu. Da ta gani sai ta nuna kaskon, ta kama faɗa. Na kira maƙwabcina, wani Alhaji ɗan zangon Kumasi mai harkar kwantena, don shi yana jin yarensu.

"Hajiya, wai hayaƙinki ne ya shige gilashi. Ta ce ko ki bar turare, ko ki bar ɗaki."

"Tambaye ta, a garinsu hayaƙi yana ɗiga ne?"

"Hajiya, bi a hankali. Ɗaki irin wannan yanzu meyo, babu shi."

"Kai, tafinta na kira ka, ba wa'azi ba."

Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na zauna a ajin yaƙi da jahilci, amma abin da na koya na riƙe shi da haƙori. Malamarmu ta taɓa kara faranti mai sanyi a bakin buta mai tafasa, muka ga ruwa ya taru yana gangarowa. Na ce da Alhaji ya gaya wa tsohuwa ta zo da safe, ta kuma dawo da la'asar. Da safe ta tarar da ɗigo-ɗigo kamar raɓa. Da la'asar, rana ta bugi tagar, farin ya ja baya. Hayaƙi ba ya tafiya ya dawo. Washegari ta zo da mai gyaran taga.

Mutumin ya ɓanɓare robar gefe, ya nuna mana baƙin danƙon da ke like gilasan biyu. Danƙon ya tsage, daidai inda kaskona ke zama. Alhaji na fassarawa: a cikin siririn ƙarfen da ke raba gilasan akwai 'yan ƙwayoyi kamar gero masu shanye laima, idan suka ƙoshi shi ke nan. Danƙon dama ya tsufa, ga zafin garwashi kullum, ga sanyin na'urar sanyaya ɗaki a bayansa, yana buɗewa yana tsukewa har ya saki. Iskar garin mai ruwa ta samu ƙofa. Ya ce wasu na huda gilashin su busar da shi, amma yana dawowa. Gyaran gaskiya shi ne a cire gilasan biyu tare a sa sabbi, a bar firam ɗin.

Na ce, "To, hayaƙina bai shiga ba, amma wutata ce ta buɗe hanya. Gaya mata haka, kada ka rage, kada ka ƙara."

Tsohuwa ta daɗe tana kallon kaskon. Ita ma na sha ganin tana kunna tsinken turare a ƙofarta saboda mamatanta. Ta fita ba sallama, ni kuwa na fara tunanin inda zan kai akwatunana.

Ranar da aka sa sabon gilashi sai ga ta da wani ɗan teburin ƙarfe. Ta ajiye shi a kicin, ƙarƙashin fankar da ke zuƙe hayaƙi, ta ɗauki kaskona da hannunta ta ɗora. Ta nuna shi, ta nuna taga, ta kaɗa yatsa. Wannan bai buƙaci Alhaji ba.

Na ƙulle mata turare kaɗan a leda. Ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta dai jefa a aljihu.