Mai Rakiya Zuwa Ƙaura

Ko taku ɗaya na titin jirgi babu a ƙasar Adar, amma hakan bai hana Manzo na Barmu cin abinci da jirgin ƙasa ba har furfura ta fito masa. Sana'arsa rakiya. Da an kai gero rumbu, samari suka fara shirin tafiya biɗa, wato cin rani can Kurmi, sai iyaye su danƙa masa 'ya'yansu a kasuwar Tawa. Ya bi da su ta Ƙwanni da Sakkwato, wani wuri a ƙasa, wani wuri a bayan mota, har Ƙauran Namoda inda titin jirgi ya tuƙe. Can zai sa su ciki ya juyo gida. Shi kansa bai taɓa hawa ba, kuma in an tsokane shi sai ya ce ai wanzami ba ya son jarfa.

A zamanin Nasara tashar nan ba masaka tsinke. Ƙofar tarago ba ta shiguwa, shi kuwa Manzo ƙato ne, sai ya sunkuci saurayi ya cusa ta taga, ya bi shi da buta da jakar guzuri. In ya dawo Barmu, matarsa Lalla ce ke shan labarin. Tana tankaɗe yana zuba, wani zubin ta ce bara ma ta ji wannan, ya ce na bana ya fi. Ba su sami haihuwa ba, 'ya'yan mutane su ne nasu.

Bayan samun mulkin kai abin ya fara ja da baya. Manyan motoci suka riƙa zuwa har tashar Tawa suna kwasar samari zuwa Abijan, 'yan duwan, wato kwastan, kuma suka tsananta tambaya a kan iyaka. Ayarin da a da inuwar gawo ba ta isarsa, ya koma tabarma ɗaya ta wadace shi. A Ƙaura ma kowace shekara sai Manzo ya tarar da kujeru sun fi mutane yawa. Da yaƙi ya ɓarke a Najeriya, iyaye suka ce a dakata. Manzo ya zauna gida yana tufka igiya, ba ya ko son a ambaci jirgi.

A daidai lokacin nan yanar ido ta fara rufe ganin Lalla. An sa kwalli, an sha rubutu, an je wajen likita a Tawa, ba a dace ba. Da kaka tana gane mutum daga bakin zaure, kafin sanyi ya wuce sai ya zo gab da ita. Wata safiya tana laluben muciya ta ce ya kai ta Ƙaura tun da sauran gani. Ya kawo nisan hanya, ya kawo yaƙi, ya ce yanzu ba abin kallo a can. Gaskiyar magana kunya yake ji, ba ya so ta ga wurin da ya sha yi mata kuri da shi ya zama kufai. Ta ce in ya bari damina ta faɗi, ko ya kai ta a banza ne. Da jin wannan magana, ya je ya nemo mota.

Sun isa da hantsi. Awaki na kiwo tsakanin ƙarafa, wata tsohuwa na gyangyaɗi kan tallar rake. Da jirgi ya zo, 'yan tsirarun mutane suka shiga ta ƙofa ba mai ture wani. Manzo ya ji kamar ya nutse. Ya hau yi mata bayani da sauri, yana nuna inda jama'a ke cika a da, yana rantsuwa ba ƙarya ya yi mata ba. Lalla ko juyawa ba ta yi wajen jirgin ba.

"Maigida, bar jirgin ga," in ji ta. "Baƙin abu kawai nika gani, shi ko tun gida nika ganin shi. Tahi ka tsaya inda kaka tsayawa in ka sa su ciki. Duk shekara in ka tahi, can nika aje ka cikin raina, ban ko san wurin ba."

Manzo ya taka har ƙarƙashin tankin ruwa, can ƙarshen tasha, ya gyara malafarsa ya tsaya. Lalla ta kare ido da tafin hannu, ta duba, ta sake dubawa. Ta ce ya matso. Ya matso. Ta ce ya ƙara. Haka ya riƙa tahowa da kaɗan-kaɗan, tausayinta na cin zuciyarsa, har ya zo inda in ta miƙa hannu za ta taɓa rigarsa.

"Nan na?" ta tambaya.

"Nan na, Lalla."

Ta daɗe tana kallonsa, daga malafa har takalmi, ba ta ko ƙyafta ido. Jirgi ya yi kuka ya tashi, ba wanda ya waiwaya a cikinsu.

"To, na gani," ta ce. "Mu tai gida."