Inda Ƙafar Mudi Wanzami Ke Tsayawa

A shekarun da Minna ta zama babban birnin jiha, da wuya a yi suna a Limawa ba Mudi Wanzami ne ya aske jaririn ba. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, don haka na san shi ciki da waje. Dogo ne siriri, zabira a kafaɗa, sigari a baki, ga saurin tafiya kamar an aike shi ɗebo wuta. Hannunsa da sanyi, amma zuciyarsa akwai riƙo na ban haushi.

Jafaru mai gyaran keke abokinsa ne tun suna yara. Wata shekara aka yi wa Jafaru haihuwa, ranar suna Mudi ya makara a Paiko wajen kaciya, rana ta ɗaga, sai Jafaru ya kira wani wanzami ya yi askin. A wurinmu kowane gida da wanzaminsa, tun kakanni. Mudi ya dawo ya tarar da jariri kai tal, ya juya ko ruwa bai sha ba. Daga ranar ya ce shi dai ba zai fara yi wa Jafaru sallama ba. Har kekensa ya sayar, don kada taya ta fashe. Na ce masa ai ba Jafaru kaɗai ke faci a Minna ba, ya ce sauran duk yaransa ne.

Ana cikin wannan gaba ƙafarsa ta fara ba shi kunya. In yana zaune lafiya ƙalau. In ya kama hanya ya ɗan yi nisa, sai naman bayan ƙwaurinsa ya ɗaure tamau, dole ya ja birki. Ya ɗan tsaya, ciwon ya sake shi, ya ci gaba. Abin takaicin, hanyar kasuwa tana da hawa, rumfar Jafaru kuma tana daidai kan tudun. Mudi ya gwada sauri, ya gwada sanɗa, ya gwada hutawa a gindin hawan. Duk a banza. Da ya iso ƙofar Jafaru, ƙafa sai ta ce nan ne.

To tsayuwa a ƙofar mutum ba sallama ai abin kunya ne, sallamar kuma ita ce faɗuwarsa. Sai Mudi ya shiga dabara. Yau ya cire takalmi yana kakkaɓe tsakuwar da babu ita. Gobe ya buɗe zabira yana jujjuya asake. Wata rana na same shi ya ƙura wa allon tallan sabulu ido yana gyaɗa kai, mutumin da ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. Jafaru kuwa kansa a ƙasa, yana ta buga famfo, ko da tayar ta riga ta cika.

Mudi ya yi wa kansa ƙaho har bayan ƙafar ya zama kamar rariya. Da matarsa Lauratu ta taɓa tafin ta ji shi da sanyi ana tsakiyar zafi, ba ta nemi shawararsa ba, ta tasa shi gaba sai asibiti. Likita ya lalubi bugun jini a ƙafar, ya ce hanyoyin jini ne suka tsuke. In yana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya isa, amma in yana tafiya naman na neman ƙari bai samu ba, shi ne yake ɗaurewa.

"Ka bar sigari, in kana son ƙafarka. Kuma ka riƙa tafiya kullum. In ta kama ka tsaya, in ta saki ka ci gaba."

"Likita, ai abin da nake yi ke nan ba da so na ba," in ji Mudi.

Maganar yanke ƙafa ta tsorata shi. Ya watsar da sigari ya koma goro, mu maƙwabta muka sha masifarsa wata da watanni. Amma a hankali tazarar ta riƙa ƙaruwa. Ran nan ya hau tudun, ya wuce rumfar Jafaru fiu, sai can wajen masu gawayi ƙafar ta tsayar da shi.

Na ɗauka zai yi sadaka. Ina! Ya dawo gida fuska a murtuke, Lauratu ta ce ko rabin tuwonsa bai ci ba. Kullum sai ya wuce, kullum sai ya dawo da ɓacin rai. Ni na gane abin kafin shi: kewar Jafaru yake yi. Shekara da shekaru yana ganin abokinsa kowace safiya ba tare da ya sauke girman kai ba, ga lafiya ta zo ta raba su. Ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni haushi.

Wata Laraba na kai kekena faci wurin Jafaru, sai ga Mudi ya hawo tudun garau. Yana isowa ya ƙirƙiro ɗingishi, ya dafe gwiwar dama, yana yatsine fuska har da nishi. Bai iya ƙarya ba ko kaɗan.

Jafaru bai ɗago kai daga tayar ba, ya ce, "Ba nan take kama ka ba. Ƙasa ne, kuma ta hagu ce."

Mudi ya dubi gwiwar da ya dafe. Duk tsawon shekarun nan yana zaton allon sabulu da tsakuwar takalmi sun rufa masa asiri, ashe ana kallonsa, ana kuma jin ciwon tare da shi. Ya saki gwiwar, ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa biyu, ya gyara zabira. Sannan ya ce, "Salamu alaikum, Jafaru."

"Wa alaikumus salam," in ji Jafaru, ya goge ido da bayan hannu, ya shafa wa fuskarsa baƙin mai. "Ka daɗe a hanya."