Ba Na Asibiti Ba Ne

A shekarun da kuɗin mai suka fara ratsowa har ƙauyuka, yayana ya sayi a-kori-kura. Kwangilar gini yake yi a Kaduna. A cikin motar nan ya ɗauki Baba daga ƙauyenmu da ke bayan Sheme zuwa wani babban asibiti a Zariya, bayan cikin Baba ya kumbura, idanunsa suka koma ruwan ɗorawa. Ni kuwa na baro ɗakina a Ƙanƙara da goyo a baya, na zo gida jinya.

Ba su daɗe ba suka dawo. Muka taru a tsakar gida, Inna ta tambayi abin da likita ya ce. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Sun ce a maido shi gida. Wai ba na asibiti ba ne."

A wurinmu wannan magana fassara ɗaya gare ta: ciwon da hannun mutum a ciki, jifa ne. Inna ta dafe ƙirji ta yi salati. Kafin la'asar an fara laluben mai hannun. Ƙwayoyin da aka haɗo Baba da su daga Zariya kuwa, Inna ta ƙulle su a tsumma ta jefa cikin kwalla, don me za a yi da maganin asibiti a ciwon da ba na asibiti ba?

Zargi ya sauka a kan aminin Baba, wani dattijo mai sayar da zuma daga Mabai. Tare suka yi karatun allo, tare suka tsufa. Duk ranar kasuwar Sheme sai ya biyo ta gidanmu su baje a zaure suna yi wa juna tsiya, Baba na ce masa ruwa yake ƙara wa zumarsa, shi kuma yana ce wa Baba manomin da ciyawa ta fi saninsa. Yanzu sai ga Inna ta tuna cewa ranar da ciwon ya fara, da zumarsa aka dama wa Baba fura. Ƙanin Baba ya tuna sun taɓa sa-in-sa a kan wani bijimi. Wata maƙwabciya, wadda ba a rasa ta a irin wannan, ta ce ita dama ba ta son yadda yake kallon ƙasa idan yana gaisuwa.

Ranar kasuwa dattijon ya zo dubiya da ɗan tulun zuma. Ƙanin Baba ya tare shi a ƙofa ya ce mara lafiya na barci, zumar kuma aka tuttule ta a bayan gida. Da ya sake dawowa sai aka gaya masa a fili ya ɗan ja jiki da gidan nan. Ta kafar zana na ga tafiyarsa, yana tura kekensa bai hau ba, kuma wallahi raina ya ɓaci.

Aka ɗauko wani mai magani daga wajen Sabuwa. Ya zagaya gidan yana shinshine-shinshine, ya sa aka haƙa bakin ƙofar ɗakin Baba, ya zura hannu ya zaro ɗan ƙaho naɗe da baƙin zare. Mata suka ɗauki salati. Ni dai hannun rigarsa nake kallo, don faɗinsa ya isa ya ɓoye ɗan akuya, balle ƙaho. Ga shi damina ce, ƙasar ramin jiƙe sharkaf, zaren kuwa a bushe ƙayau. Na faɗa wa Inna, ta ce bakina ne zai kashe ni. Daga nan aka shiga ɗura wa Baba jiƙo mai ɗaci, ana turara masa hayaƙi har ya riƙa tari yana riƙe ciki. Duk wanda ya leƙo ya ce yaya jiki, mu amsa da sauƙi, Baba na kwance yana cizon bakin mayafi.

Kullum kuma sai ya tambayi amininsa. Inna ta ce ai damina ce, hanya ta yanke. Baba ya dube ta, ya dube ni, ya juya fuska bango.

Wanda na fi zargi a gidan nan Yaya ne. Na san shi tun muna faɗa a kan ƙanzo, ko a mafarki ba ya kyauta. Sai ga shi yana sauke katan ɗin madarar gwangwani, da bargo mai laushi, da rediyo sabuwa fil a kwali, duk na Baba. Idan mai magani ya zo, sai ya sallame shi ya fice, ko abin da aka tono bai tsaya kallo ba. Mutumin da ya yarda an jefi ubansa ba haka yake yi ba. Kuma tun dawowarsu ban ga ya haɗa ido da Baba ba.

Wata hantsi na ritsa shi a bayan rumbu yana wanke mota.

"Yaya, mi likitan nan ya ce?"

"Ai na hwaɗi maku."

"Ka hwaɗi rabi. Ina sauran?"

Ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya goge. Na ce in bai faɗa ba zan shiga motar haya in je Zariyar da kaina, ya kuma san zan aikata. Sai ya zauna a kan dutse, ya ce ciwon daji ne a hanta, ya riga ya bazu, ba abin da wuƙa ko allura za su yi. Likita ya ce a kai shi gida cikin iyalinsa, a riƙa ba shi ƙwayoyin nan a kan lokaci don su kwantar da zafin, a ba shi abin da ransa ke so, a bar waɗanda yake ƙauna su zauna kusa da shi.

"To don mi ba ka hwaɗi haka ba?"

"Da wane bakin zan ce ma Inna mijinta mutuwa zai yi? Ni Allah ne?"

Ya fashe da kuka, ƙato da shi. Na ji tausayinsa, amma haushi ya fi yawa. Shi ya ji nauyin kalma ɗaya, ga Baba na murƙususu maganinsa na cikin kwalla, ga bawan Allah an kore shi kamar ɓarawo.

Na shiga ɗakin Inna na ciro ƙullin, na wuce wurin Baba. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka uwata yake ce mini. Na ba shi ƙwayar da ruwa, na zauna ina yi masa fifita har na ga goshinsa ya saki.

"Uwata," ya ce, "kowa na ce mani da sauƙi. Ke ba ki iya ƙarya ba. Da sauƙin?"

An hore mu a kan ba a faɗa wa mara lafiya irin wannan. Amma na ce, "Baba, rai na hannun Allah. Likita dai ya ce nasu ya ƙare. Kuma ba wanda ya jefe ka."

Sai ya ce alhamdu lillahi. Ya ce shi ya daɗe da sani, jikinsa ne, kallonmu kawai yake yi muna wahalar da kanmu muna wahalar da shi. Ya ce a daina ba shi jiƙon nan, a fitar da kaskon hayaƙi. Sai ya riƙe hannuna.

"Mai zumar nan suka ce shi ne, ko?"

Na ɗaga kai.

"A tai a ɗauko mani shi yau."

Yaya ne ya tafi Mabai da motar. Inna ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce mun haɗa kai za mu ƙarasa mata miji. Ko da Yaya ya dawo ya durƙusa ya maimaita mata maganar likita tiryan-tiryan, ba ta gama yarda ba.

Dattijon ya shigo hannu rabbana, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ƙi zama a kan tabarma. Baba ya ce masa, "Kai mai zumar ruwa, matso mana, ko tsorona kake ji?" Bai yi dariya ba, amma ya matso. Baba ya sa aka kira Inna da ƙaninsa da Yaya. Ya yi wasiyyarsa a taƙaice, gona da 'yan dabbobi da inda yake so a sa shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. Daga ƙarshe ya ce wa amininsa, "In ta zo, kai za ka yi mani wanka."

Dattijon ya dube shi. Ya ce, "Na ji. Amma ɗaga murya, su ma su ji."

Baba ya tattara ƙarfin da ya rage masa ya maimaita, har na tsakar gida suka ji.

Ya ƙara 'yan makonni, kuma su ne mafi daɗi a duk jinyar. Yana shan ƙwayarsa, yana ɗan kurɓar kunu, amininsa na gefensa daga safe zuwa yamma suna tsohuwar tsiyarsu a hankali. Ko ruwan gidanmu dattijon bai sha, da butarsa yake zuwa.

Ranar da Baba ya cika, shi ya yi masa wanka. Da ya fito, hannuwan rigarsa a jiƙe, Inna ta yi magana daga bayan zana.

"Malam, don Allah ka yafe mamu."

Ya tsaya. Muka yi tsit muna jiran ya ce ya yafe.

"Allah ya yafe mamu baki ɗaya," ya ce, ya sa takalmansa ya bi bayan makara.